Mazurarin da Ya Kashe Wutar Inna Mai Ƙosai

Na fi shekara ina jujjuya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Sau biyu ina farawa ina yagewa. Na farko na ga kamar asirin wata baiwar Allah zan tona. Na biyu kuma na ga nawa asirin ne zai tonu, don duk wanda ya karanta zai gane mai labarin ba shi da wayo. Ga shi karatuna a firamare ya tsaya. Amma abin ya ƙi barina, kuma na san har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba. Shi ya sa na ce bari dai in rubuta, ba tare da na kama sunan kowa ba.

Ni kafinta ne a wani ƙauye da ke gefen Makoda. Ƙofofi nake yi da tagogi da benci, wani lokaci gadon amare. Kuma gara in faɗi halina tun yanzu, don shi ne ya jawo komai. Mutum ne ni mai wasiwasi. Idan na kulle shago, sai na kai bakin masallaci in dawo in sake taɓa kwaɗon. Idan na auna katako sau uku, sai in fara zargin tef ɗin. Idan mutum ya amsa gaisuwata a gajarce, ranar ba ni da sukuni, ina ta lalubo laifin da na yi masa.

A shagon ina da injin zarto da injin goge katako, janareta ke jan su. Duk wanda ya san injin gogewa ya san irin dusar da yake fitarwa. Don haka tun da daɗewa na haɗa wata dabara: fanka mai zuƙa da na cire daga wani mataccen injin casa, da tiyo mai kauri, da buhu a ɗaure a bakin fankar. Tana zuƙo dusar ta cusa a buhu. Matsalar ita ce garin mai laushi yana toshe ƙofofin buhun, iska ta rasa wajen fita, zuƙar ta mutu, dusar ta dawo min a fuska. Dole in kashe inji, in kwance buhu, in zagaya bayan shago in zazzage a gindin darbejiya. A yini sai in yi haka sau biyar ko shida. Kullum akwai tsibin dusa a wurin, kuma kullum ina jin kunyar tsibin nan.

Gidan da ke bayan shagona na wata tsohuwa ce, ƙawar marigayiya mahaifiyata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata suna gidajen aure a nesa. Inna nake ce mata. Ƙosai take soyawa kowace safiya a ƙofar gida, da shi take ci, da shi take sha. Kowace la'asar sai ta fito da tsintsiya da daro, ta sunkuya a gindin darbejiyar nan tana tattarawa tana faɗa.

"Kafinta, wannan sharar taka sai ta binne mu da ranmu! Mutum ba zai shanya wanki ba, ba zai buɗe baki ya yi hamma ba."

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Haƙuri kullum. Ga shi nan ai ina yi."

Sai ta cika daro ta shige. Na san tana ƙona dusar, ba wai ban sani ba. Na sha ganin garwar da take danƙare ta a ciki, ta sa taɓarya a tsakiya, ta zare, ramin ya zama hanyar wuta, ta yi ta ci a hankali tun daga asuba har hantsi. Amma ni ba wannan nake gani ba. Abin da nake gani shi ne ƙawar uwata tana sunkuye a kan ƙazantata tana kuka da ni. Kuma na ji malamai suna maganar haƙƙin maƙwabci. Sai in ta ƙiyasta ranar da za a tsayar da ni a kan dusar katako, in rasa bakin magana.

A shekarun nan da mai ya yi tsada, komai ya bi shi, na shiga kasuwar Dawanau sayo hatsi. A can na ga masu niƙa abincin dabbobi, kowane inji da wani ƙaton mazurari na kwano a tsaye a gefensa, gari yana sauka ta ƙasa cikin buhu, sama kuma iska ce kawai take fita. Na tsaya ina kallo har mai injin ya tambaye ni ko niƙa na kawo. Da na yi masa bayani, ya nuna min yadda abin yake. Bututun da ke kawo garin ba ta tsakiya yake shiga ba, ta gefe yake shiga, sai iskar ta riƙa juyawa a ciki kamar guguwa. Abu mai nauyi ya bi bango ya gangara ƙasa, iska mai tsabta ta tsere ta wani bututun da aka zuro daga sama. Na zana a bayan kwalin sabulu, na tambaye shi sau huɗu ko na zana daidai. A na huɗun ya juya ya koma kan injinsa.

Ina da ɗan kawu mai walda a bakin titi, abokin wasana ne, tun muna yara ba ya raga min. Na kai masa kwalin. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Sarkin tsoro, wannan hular wa za mu ɗinka?"

"Ba hula ba ce. Dusa za ta raba da iska."

"To ita iskar ta kawo maka ƙara ne?"

Duk da haka ya yi. Sati guda muna yanka kwano muna lanƙwasawa. Mazurarin ya kai min ƙirji. Muka ɗora shi a kan murfin duro, muka sa shi tsakanin injin gogewa da fanka, yadda dusa za ta faɗa duro tun kafin ta isa buhu. Duron farko na roba ne, marar kauri. Da muka tayar da inji, wasiwasina ya ce in gwada ƙarfin zuƙar, sai na toshe bakin tiyo da tafin hannu. Ji kake ɓam! Duron ya lotse ya shige cikin kansa. Ban san lokacin da na tsallake benci biyu na tsinci kaina a waje ina salati ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Ɗan kawuna ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

"Wallahi da na san kana da gudu haka, da tuni na sa ka a tseren jakuna!"

Muka samo duron ƙarfe. Shi ma da farko bai yi ba, don iska tana shiga ta gefen murfi tana tayar da dusar. Na yanko tsohon tub na tayar mashin na zagaye bakin, muka matse. Daga nan abin ya zauna. Na goge katako goma sha biyu, na taɓa buhu na ji shi fayau, na buɗe duro na ga dusa ta kwanta luf. Injin ya daina nishi, man da yake sha ya ragu, tarin da nake yi da safe ya yi sauƙi. Gaskiya aikin ya yi, ba zan zalunce shi ba.

Idan duron ya cika sai in juye a buhu, in ɗaure bakin da igiya, in jingine a cikin shago. Ban ma yanke abin da zan yi da buhunan ba. Bayan shago kuwa na share shi tas, na kankare ƙasar da fartanya, har ruwa na yayyafa. Da la'asar Inna ta fito da daronta. Na tare ta ina washe baki kamar wanda ya dawo daga Makka.

"Inna, daga yau kin huta. Ko ƙwaya ɗaya ba za ki ƙara gani a nan ba."

Ta dubi ƙasar nan mai sheƙi. Ta daɗe tana dubawa, tsintsiya a hammata.

"To, madalla," ta ce. "Allah ya sa alheri."

Ta juya da daronta wayam. Ni kuma na koma shago ina jin na sauke wani nauyi na lahira.

Cikin sati biyu sai na ga abubuwa sun canza. Gaisuwar Inna ta gajarce. Da, idan na ce ina kwana, sai ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da tsiya. Yanzu sai "lafiya" kawai. Ƙosan da ake samu tun an fito daga sallar asuba ya koma sai rana ta fito. Wata rana na saya na ji bayan ya ƙone, cikin ɗanye. Wata rana ma babu.

Nan fa wasiwasi ya samu aikin yi. Na ce lallai ƙara ce, don mazurarin yana wani fito siriri idan yana aiki. Na samo tsohon bargo na naɗe shi kamar mai zazzaɓi. Ba ta canza ba. Na ce to bututun iskar ne yake kallon katangarta, na kira ɗan kawuna muka juya shi gabas. Ba ta canza ba. Na ce ko dai ranar da nake ta murna na yi mata magana a tsaye ban rusuna ba? Na bi duk kalmomin da na faɗa ɗaya bayan ɗaya. Komai na zarga, har inuwar duro, ban da abin da ke jingine a gabana cikin buhu bakwai.

Da abin ya ishe ni, wata safiya na ce zan je in ba ta haƙuri a kan laifin da ban sani ba. Na tarar da ita a tsugune, kasko a kan duwatsu uku, tana tura karan dawa. Wanda bai san wajenmu ba zai ce me ya hana ta itace. Mu nan babu daji. Gona ce take jingine da gona tun daga ƙofar gida har inda ido ya tsaya, kowace bishiya da mai ita. Itacen sayarwa a mota ake kawo shi, kuma a shekarun nan ya fi ƙarfin mai kasko ɗaya. Kara kuwa, lokacin bazara ce, saura kaɗan ya rage wa kowa, kuma wutarsa ba ta suya ba ce. Ta tashi bal ta lashe kasko, kafin ka juya ta mutu. Inna tana hura wuta, tana goge ido, tana tsame ƙosai baƙi. Mutum uku ne a tsaye da kwanonsu. Ɗaya ya duba rana ya ce, "Inna, bari in je, gona na jira," ya tafi. A gefe ga garwar nan a kife, kaza a kanta.

Sai a lokacin kaina ya buɗe. Amma rabi ya buɗe, kuma rabin da ya rage a rufe shi ne ya fi yin ɓarna. Na ruga shago, na ɗauko buhu mafi girma na ɗora a ka, na dawo ina haki, na dire shi a gaban kaskon, a gaban mutane. Kuma don kowa ya shaida na gyara kuskurena, na ɗaga murya.

"Inna, ga dusa na kawo miki, kyauta! Ashe wahala kike sha ban sani ba. Duk lokacin da kike so ki zo ki tambaya, ba zan hana ki ba."

Ta ajiye matsamin ta ɗago.

"Kafinta, wa ya aiko ka?"

"Babu kowa, Inna. Gani na yi..."

"Ka ga me? Ka taɓa ganina a ƙofar wani ina tambaya? Uwarka ta san ni shekara arba'in, ta taɓa ce maka ina karɓa?"

"A'a, Inna, ba haka nake nufi ba."

"Ɗauki kayanka. Ni kara nake so. Ya fi daɗin ƙosai."

Tana faɗin haka hayaƙi yana shiga idonta. Mutanen nan biyu kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na sake ɗora buhun a ka, kuma na rantse ya ninka nauyinsa na ɗazu. Washegari Inna ba ta fito da kasko ba. Jibi ma haka. Kwana huɗu ƙofarta a rufe da safe, kuma na san abin da hakan yake nufi ga wadda ba ta da wata sana'a.

Abinci ya daina shiga min. A rana ta huɗu na dawo gida da azahar, na tarar da maiɗakina tana ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida. Na zauna na zayyana mata komai, ina jiran ta ce tsohuwa ce ta cika girman kai. Ta bar ni na gama, hannunta bai tsaya ba.

"Malam, in tambaye ka. Idan an cire gyaɗa, tsofaffi suka shiga roro, mai gona yana tsayawa a kansu?"

"A'a."

"Ka taɓa ganin ya bi ya tsince ragowar, ya ɗaure a buhu, ya kai wa wata har gida yana shela?"

"Wa zai yi haka?"

"Kai mana." Ta watsa ɓawo gefe. "Mai gona ya san ya bar saura, su ma sun san ya sani. Amma ba wanda ya ba wani, ba wanda ya roƙi wani. Kowace ta sunkuya da ƙarfinta ta tsinta. Da dusar nan tana ƙasa, shara ce, Inna ma taimakonka take yi. Da ka ɗaure ta da igiya ta zama kayanka, sai an tambaya."

"To faɗan da take min kullum fa? Ita ce fa take cewa zan binne su."

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa marar lafiya.

"Faɗan nan shi ne mayafinta, Malam. Da shi take rufa ta zo ta ɗiba. Kai kuma ka fizge shi a bainar jama'a."

Na ce me ya sa ba ta faɗa min tun da wuri ba. Ta ce, "Ka tambaye ni? Wata guda ko tuwo na ajiye maka, zancen mazurari kake yi."

Da la'asar ɗin ranar na jawo buhunan nan bakwai zuwa gindin darbejiya. Na kwance biyu na zazzage. Nan ma wasiwasi bai bar ni ba. Na tara ta tsibi mai kyau, sai na ga ya yi kama da kyauta. Na baza ta, sai na ga za ta haɗu da yashi ta ƙi kamawa. Na koma ina ɗan shurinta da ƙafa, ina ja da baya ina dubawa ko ta yi kama da abin da aka zubar da gangan ba tare da kula ba. Ina cikin haka ɗan kawuna ya tsaya da mashin.

"Tsaya, tsaya. Sati guda na ƙona idona ina ƙera maka abin tara dusa. Yanzu ka tara, kana zubarwa, har kana yi mata kwalliya?"

"Ka tafi kawai."

"Ina zan tafi? Gobe ka zo in ƙera maka injin da zai riƙa watsa ta, ka huta da shuri."

Na ci gaba da shurina har ya ja mashin ya tafi.

Kwana uku dusar nan tana wurin ba a taɓa ba. Awaki suka bi ta kai. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, na ce shi ke nan, ruwa zai jiƙa ta, ga kuma alhakin tsohuwa a wuyana. Ina aiki ina leƙe ta wata ƙofar ƙusa a jikin langa-langa, har na goge wani katako ya zama siriri kamar faifai. Sau biyu na yi niyyar in je in sake ba ta haƙuri, maiɗakina ta ce idan na kuskura na taka ƙofar gidan, ita ma kada in dawo mata. A rana ta huɗu, da na ga la'asar ta yi, na kulle shago na tafi masallaci da wuri, na zauna har magariba. Ko kwaɗon ban dawo na taɓa ba, kuma Allah ne kaɗai ya san abin da hakan ya ci min. Da na biyo ta bayan shago, sai na ga sawun tsintsiya a ƙasa, an ja shi layi-layi, gefe ɗaya na tsibin ya tafi.

Da safe ƙamshi ne ya riga ni isa. Na tarar da mutane a tsaye, garwa a ƙarƙashin kasko, wuta tana ci shiru ba hayaƙi. Na bi layi kamar kowa, na miƙa kwanona, idona a ƙasa. Tana zuba min ba ta kalle ni ba.

"Kafinta, ashe injin naka ya lalace?"

Idan na ce e, na yi ƙarya da sassafe. Idan na ce a'a, na sake ɓata komai.

"Duron ne yake cika da wuri, Inna," na ce. Kuma wallahi gaskiya ne, yana cika.

"Haka kayan zamani suke," ta ce, ta ƙara min biyu a kai. "Kada ka wahalar da kanka wajen gyara."

Har yau ban gyara ba. Mazurari yana tarawa, ni ina zubarwa, Inna tana suya. Abin da na koya shi ne, tsoron shiga haƙƙin mutane bai isa ba idan mutum bai tsaya ya kalli yadda mutanen suke rayuwa ba. Ni tsabtar kaina nake nema, ban taɓa tambayar wa ke cin abinci da abin da nake kira shara ba. Kuma na gane ba da abu yana da sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne ka bar wa mutum hanyar ɗauka da mutuncinsa.

Sai dai ina da roƙo ga masu karatu. Yanzu katako na gaske ya yi wuya, masu aiki sun koma kawo min falankin nan da ake mannawa da gam. Dusarsa idan tana ƙonewa tana da wani wari mai hawa ka, kuma duro ɗaya ne, duk a haɗe take sauka. Ban sani ba ko hayaƙinta yana cutar da ƙirjin wanda ya zauna a kansa kowace safiya, ko yana shiga abincin. Don Allah wanda ya san gaskiyar wannan, ma'aikacin lafiya ne ko kafinta ɗan'uwana, ya sanar da ni, ya kuma faɗa min yadda zan raba su. Ita dai ba zan iya tambayarta ba, don a tsakaninmu har yanzu ban san tana ɗiba ba.